Ranar da Hajiya Hawwa Ta Kira Sunan Ɗanta na Fari

Akwai wata dattijuwa a unguwar Dogo Nini da ke cikin Potiskum, ana kiranta Hajiya Hawwa mai turare. Iyayenta fataken Kano ne da suka yada zango a garin, ita kuma a nan aka haife ta. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma gidanta ba ya rabo da mata masu saye.

Abin da Hajiya take taƙama da shi ba turaren ba ne, bakinta ne. Banufiya ce kawai ba ta taɓa zuwa ba, amma Babarbariya ta shigo su yi Barbarci, Bafulatana ta shigo su yi Fulatanci, Ngizimanci da Bolanci kuwa kamar a ciki aka yaye ta. Takan ce ba a yi yaren da zai kwana a gidanta bai shiga kunnenta ba.

Sai Allah ya kawo mata wanda ya fi ƙarfinta.

Babban ɗanta Zulkifli yana aikin gwajin jini a wani asibiti a Jidda. A can ya haɗu da wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Filifin, daga tsibirin Sebu, wadda ta musulunta tun kafin su san juna, ta zaɓi sunan Rahama. Suka yi aure, ya kawo ta gida. Da hutunsa ya ƙare ya koma bakin aiki, ya bar ta wajen mahaifiyarsa da ƙaramin ciki, kafin a gama gyara mata takardun komawa.

Rahama tana jin Turanci da ɗan Larabci, Hajiya kuwa ba ta jin ko ɗaya. Mai yi musu tafinta ita ce Zara, ƙanwar Zulkifli, malamar makaranta da ke aure a Ngojin, wadda takan leƙo da la'asar. In Zara ba ta nan, sai murmushi da nuni da hannu.

Wata rana wata tsohuwar mai sayen humra ta tsokani Hajiya, ta ce duk yarukan nan da take cika baki da su, ga shi surukarta tana zaune a tsakar gida kamar hoto. Maganar ta soki Hajiya. Da yamma ta sa Zara ta faɗa wa Amarya, don haka take kiran Rahama, cewa daga gobe ita Amarya za ta fara koya wa Hajiya yarensu.

Jama'a, da kun ga fuskar Rahama a ranar, da kun san yarinyar nan ta daɗe da kaɗaici.

Yaren nasu sunansa Sebuwano, su kuma sun fi ce masa Bisaya. Aka shimfiɗa tabarma kusa da inda Hajiya take soya itacen turare. Sunayen abubuwa ba su ba ta wahala ba ko kaɗan. Gida balay, ruwa tubig, ɗa anak. Kafin a je ko'ina ta tara su cike da baki, har tana yi wa masu saye burga.

Inda aka sha daru shi ne wajen ƙananan kalmomi. Rahama ta ce ba a cewa balay haka tsurarsa, sai an sa ang a gaba, a ce ang balay. In gidajen da yawa ne a ƙara wata 'yar kalma da ake furtawa manga. In kasuwa za ka, sai ka sa kalmar "sa" kafin merkado, wato kasuwa. Akwai "na" mai nuna abu ya riga ya faru, akwai "pa" mai nuna har yanzu da saura, akwai "ba" wadda ake tambaya da ita, akwai "pud" mai nufin shi ma ko ke ma.

Hajiya ta ce wannan ai tarkace ne, ita a ba ta manyan kalmomi, ta san yadda za ta yi da su. Rahama ta yi dariya ta ce a'a, in babu su mai saurare ba zai san wa ya yi, wa aka yi wa ba. Zara ma ta sa baki, ta ce ai Hausar ma haka take, wa zai iya hira babu dai, babu fa, babu kam da ma?

Hajiya tana juya itace a kasko, can ta ce, "To na gane. Su ne sukarin turare. Ba a jin ƙamshinsa, amma shi ke riƙe turaren a jikin itace."

Daga nan ta sauke kai ta koya. Da azahar takan leƙa ɗakin Amarya ta tambaye ta da yaren ko ta ci abinci, ita kuma ta amsa da wala pa, wato tukuna, su yi ta dariya. Gida ya yi daɗi. Zara har ta fara cewa an kusa korarta daga aikin tafinta.

Amma akwai abin da ke cin zuciyar Rahama tun ranar da ta sauka, wanda babu wanda ya lura da shi, domin a wajen mutanen gidan ba abin lura ba ne.

Ranar da suka iso daga Jidda, ta ga Hajiya ta yi wa Zulkifli sannu da zuwa tana kallon gefe, ta shige madafa. In ya kira matarsa ta bidiyo, Hajiya takan ce a gaishe shi, ta tashi ta ba su wuri. Tana kiran Zara da sunanta, tana kiran autanta Abbas da sunansa, amma in zancen Zulkifli ya taso sai ta ce yaron nan, ko mutumin Jidda.

Ni da ku mun san wannan kunyar ɗan fari ce. Amma a inda Rahama ta tashi, uwa takan rungume ɗanta ko ya yi gemu, ta kira sunansa tun daga bakin titi. Uwar da ta daina kiran sunan ɗanta a can, to ta yafe shi ne. Sai Rahama ta ƙulla a ranta cewa saboda ita ne, don ya auro bare. Ba ta tambayi mijinta ba, tana tsoron ta fama masa ciwo.

Ranar da abin ya fashe, darasin a kan wata 'yar kalma ce, si. Rahama ta ce ang ta abubuwa ce, amma sunan mutum yana da tasa, ba a haɗa shi da tukunya da tabarma. Ta buɗe hotuna a wayarta ta nuna, ta ce si Zara. Hajiya ta maimaita. Ta nuna na gaba, si Abbas. Hajiya ta maimaita har da ƙarin gyaran murya.

Sai ta nuna hoton mijinta ta ce, "Anak nako si Zulkifli." Ma'ana, Zulkifli ɗana ne.

Hajiya ta kawar da kai. Rahama ta sake faɗa a hankali, tana kallon bakinta. Hajiya ta ce turarenta zai ƙone, ta miƙe ta bar tabarmar, alhali ko wuta ba ta hura ba a ranar.

Washegari Rahama ba ta fito darasi ba. Bayan kwana kaɗan ta faɗa wa mijinta tana so ta je gida ta haihu a gaban mahaifiyarta. Shi bai kawo komai a ransa ba, ya yanka mata tikiti, aka sa ranar da mota za ta kai ta filin jirgin Kano.

Zara ce ta ga irin haɗa kayan, ta san wannan ba na mai dawowa ba ne, don har hoton aurensu an cire daga bango. Ta rufe ƙofa ta matsa mata da tambaya. Rahama ta fashe da kuka ta ce ita ta raba uwa da ɗanta, kuma ba za ta haifi nata ɗan a kan wannan alhaki ba. In ta tafi, Mama za ta yafe masa.

Zara ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga da gaske Rahama take. Ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari dalla-dalla, ta rantse mata cewa duk gidan babu wanda Hajiya take so kamarsa. Rahama ta share hawaye ta ce ta gode, ta san Zara mai kirki ce, tana so ne ta kwantar mata da hankali. Ba ta yarda ba. Mijin ma da aka kira ya yi nasa bayanin, ta ce ai dole ya rufa wa mahaifiyarsa asiri.

Da Zara ta kai wa Hajiya labari, faɗa ta fara yi. Ta ce ita da furfurarta za a sa ta yi abin da uwarta ba ta yi ba har ta koma ga Allah? Me mata za su ce in suka ji? Ita ba ta zagi kowa ba, ba ta hana kowa abinci ba, har tabarma ta zauna yarinya tana gyara mata baki, me kuma ake so?

Zara ta ce, "Hajiya, ba ta ce kin yi laifi ba. Cewa take ita ce mai laifin. Kuma da jikanki za ta tafi."

Kwanakin da suka rage Hajiya ko turare ba ta haɗa ba, masu saye suna zuwa suna komawa. Gaskiya ni na tausaya mata, don abin da aka rene ka a kansa ba riga ba ce da za ka tuɓe a yini ɗaya.

Ranar tafiya da safe direba ya zo, Abbas ya fara fitar da akwatuna. Rahama tana zaune a bakin gado da mayafinta, Zara na gefe. Sai ga Hajiya ta ɗaga labule ta shigo, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya tana murza bakin zanenta, ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Muryar da ke cika tsakar gida yau da ƙyar take fita.

"Anak nako si Zulkifli."

Sunan da ta riƙe a ciki tun ranar da aka raɗa masa shi, yau ya fito a gaban 'yarta da surukarta. Ta nuna Rahama da hannu, ta ƙara da abin da babu wanda ya haɗa mata shi, ita ta haɗa da kanta: "Ikaw pud." Wato ke ma.

Rahama ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafunta tana kuka. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska saboda kunya, amma ba ta janye ƙafar ba. Daga cikin mayafin ta ce wa Zara, tsayuwar me take yi, ta je ta sallami direba, a dawo da akwatunan yarinyar nan ciki.

Darasi: Soyayyar da ka ɓoye saboda kunya ko al'ada, wanda bai tashi a cikin al'adarka ba zai iya ɗaukarta ƙiyayya. Kada ka ce ai ya kamata ya gane. In baƙo ya shigo rayuwarka, ka sauko ka faɗa masa da bakin da zai ji, ko da faɗar za ta yi maka nauyi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidajen da aka auro daga nesa.