Ƙungiyar Masu Gajeren Wuya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani fari a dawa, ruwan tafki ya janye can ƙasa. Zaki, Sarkin dawa, ya kafa doka: kada a fasa gaɓa, kowa ya sha daga sama. Ƙananan dabbobi kuwa, don wauta, tun da can Raƙumin Dawa suka naɗa wakilinsu, wai dogo ne, za a hango shi a fada. Shi ke ɗebo wa Sarki ruwa. Kullum Sarki ya ce, "Yaya talakawa?" sai ya ce, "Suna sha, suna godiya."

Bushiya kuwa 'ya'yanta sun kwana uku ba ko ɗigo. Ta tafi fada. Dogarai suka ce, "Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

"Koma, kuna da wakili."

Ta dawo da Kunkuru. "Ku da wa?"

"Mu biyu."

"Ku koma, kuna da wakili."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta bi rami rami, ta tara zomo da kurege da gafiya da damo, kowa da busasshen goransa. Dogarai suka ce, "Ku da wa?" Suka amsa da murya ɗaya, "Mu duka!" Ai sai aka buɗe ƙofa.

Raƙumin Dawa ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, godiya suka zo yi."

Bushiya ta faɗi ta yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarki, roƙonmu ɗaya. Yau ka sha ruwan tafki da bakinka."

Sarki ya tafi, jama'a na biye. Ya miƙa wuya, bai kai ba. Ya durƙusa, bai kai ba. Ya ƙara miƙawa, sai tsundum cikin taɓo! Da ƙyar aka jawo shi.

Bushiya ta ce, "Sannu, ranka ya daɗe. Ashe kai ma ɗan ƙungiyarmu ne."

Nan take Sarki ya soke doka, aka fasa gaɓa, 'ya'yan Bushiya suka sha har cikinsu ya yi tirtsitsi. Ya ba ta wurin zama a fada. Raƙumin Dawa kuwa, Sarki ya ce masa, "Daga yau ba ka shan ruwa sai ka durƙusa daidai da talaka." Shi ya sa har gobe sai ya tale ƙafafu yake sha.

To, yara, wanda bai san ƙishirwarku ba, kada ku aike shi fada.

Ƙurunƙus kan gafiya, wanda bai yarda ba ya je bakin tafki ya gani!