Gawon Gonar Ɗayyabu

Akwai wani manomi a wajen Dangora, sunansa Ɗayyabu. Mijina ne, Allah Ya jiƙansa.

Shekara ashirin yana renon gawo a gonarsa. In ya ga tsiro sai ya kewaye shi da ƙaya. Da rani ya datse ƙananan rassa, awaki su ci ganye, ni in samu itacen girki.

Da ruwan sama ya rikice, zaizaya ta fara cin gonaki, sai aka kawo doka: kada kowa ya sa gatari a bishiya. Dokar ba ta raba mai sarewa da mai datse reshe ba.

Wata rana malamin daji, Balarabe, ya tarar da shi a kan gawo yana datse reshe.

"Malam, ni na rene shi," in ji Ɗayyabu.

"Takarda ba ta san wannan ba. Sauko!"

Kwana biyu ya yi a tsare. Da mutane suka ji, kowa ya shiga tuge duk tsiron da ya gani a gonarsa, tun bai girma ya zama fitina ba.

Damina na kamawa ciwo ya kwantar da Ɗayyabu, bai tashi ba.

Bayan na fita takaba ƙaninsa Ubale ya zo da fartanya.

"Matar yaya, manyan bishiyoyin dai sun fi ƙarfinmu, amma bari in tuge ƙananan. Ko so kike ke ma ki kwana a inda aka tsare yaya? Ba katifa fa."

Na gaji, wallahi. Na ce ya ba ni mako guda.

Cikin makon sai ga Balarabe da sallama. Wai baƙi za su zo daga birni duba amfanin dokar, ya zaga ko'ina, gonarmu kaɗai ke da abin nunawa.

Na ce, "Mai gonar da ka tsare ya rasu."

Ya sunkuyar da kai. "Allah Ya jiƙansa. Baba, ba ni na rubuta dokar ba."

"To, kawo su. Amma ni zan yi bayani."

Suka zo. Na nuna musu rassan da aka datse suka sake tohowa, na nuna gonakin maƙwabta fetal. A gabansu Balarabe ya yi alkawarin ba zai ƙara kama mai datse reshe ba.

Ubale ya bar ƙananan, suna nan suna girma. Dokar kuwa ba a gyara ta ba har yau. Alkawarin mutum ɗaya muke riƙe da shi, kuma ana cewa za a yi masa canjin wurin aiki.

Darasi: Dokar da aka rubuta ba a tambayi mai gona ba tana iya kashe abin da ta zo karewa. Ku tura wa wasu, ko Allah zai sa ya kai ga masu rubutawa.