Motar Obadiah, Takardun Oga Godfrey

Akwai wani mutum mai suna Obadiah, manomin doya a wani ƙauye kusa da Zuba. Ina roƙonku ku karanta labarinsa har ƙarshe, musamman ku masu sayen mota a hannun mutane.

A shekarar da gwamnati ta tattaro kayanta daga Legas ta dawo Abuja, ma'aikata sun yi ta kwararowa da iyalansu. Garin kuwa a lokacin fili ne fetal, daga wannan unguwa zuwa waccan tafiya ce mai nisa, ga motocin haya ba su wadata ba. Obadiah ya duba ya ga duk wanda ya samu mota ya sa ta kabu-kabu, to ya samu abin riƙe gida. Sai ya sayar da doyarsa da awakinsa, matarsa Monica ta ƙara masa da adashinta, ya shiga neman mota.

A coci ya haɗu da Oga Godfrey. Shi wannan ɗan yankin tsakiyar ƙasar nan ne, yana jin Hausa sarai. Amma shekara ashirin da ya yi yana aikin gwamnati a Legas ta sa yana ganin kowa a Abuja baƙauye ne. Kullum maganarsa ita ce, "Wannan wuri ai daji ne aka sa wa fitila."

Yana da tsohuwar Fijo mai lambar Legas, kuma ya riga ya sayi sabuwa, don haka ya ce zai sayar wa Obadiah tsohuwar.

An yi cinikin a unguwar Apo, a garejin wani dattijon bakanike mai suna Malam Saleh. Shi ya duba injin, ya ce lafiyarsa ƙalau. A gabansa Obadiah ya biya kuɗin duka, bai rage ko kwabo ba.

Malam Saleh ya ce, "To Oga, a rubuta masa takarda mana."

Oga Godfrey ya yi dariya har yana dafa mota. "Baba, ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne fa. Coci ɗaya muke zuwa da shi. Don wannan tsohon gwangwanin zan cuce shi? Ka bari in samu lokaci, mu je ofis a yi komai gaba ɗaya."

Obadiah ya ji kunyar matsa wa babban mutum. Ya karɓi makulli da fotokwafin takardu, ya yi godiya har ƙasa.

Ga waɗanda ba su sani ba, kafin mota ta koma sunanka a kuma ba ta lambar inda kake zaune, ana buƙatar wanda ya sayar maka ya sa hannu a takardar canjin mallaka, ya kuma ba ka ainihin takardun. Daga nan sai ka je ofishin lasin, ka biya harajin da ya hau kanka, a yi maka rajista. Aiki ne da sa hannunsa bai fi minti ɗaya ba.

Minti ɗayan nan shi Oga Godfrey ya riƙe shekara uku.

Duk ranar da Obadiah ya je masa da maganar, sai ya ce, "Gobe, gobe. Yanzu dai ka kai Madam kasuwar Zuba ta sayo lemo." Wata rana ya ce, "Ka biya ta Dei-Dei ka ɗauko min fenti, in ka dawo sai mu yi maganar." Ba ya ba da kuɗin mai, ba ya cewa sannu. In Obadiah ya ce yana da fasinja, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ashe ba ka son takardarka ke nan."

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne batun sabunta lasin. Tun da motar tana sunansa, duk shekara sai Obadiah ya kai masa kuɗin lasin da na inshora, shi kuma ya aika a biya a Legas. Rasit ya fito da sunan wa? Da sunan Godfrey. Wato gumin wani, sunan wani.

Monica ta sha faɗa wa mijinta. "Baban Felicity, mutumin nan igiya ya ɗaura maka a wuya. Ka je da Malam Saleh ku tsare shi a ofis ɗinsa."

Shi kuma sai ya ce, "Ki yi haƙuri. Babban mutum ne, ba zai yi mana haka ba. Kuma ya ce lambar Legas da sunansa sun fi daraja a hanya."

"Daraja ga wa?" in ji ta.

Motar dai ta riƙe gidan. Da ita aka sa babbar 'yarsu Felicity a sakandare, da ita ƙannenta biyu suke ci suke sha.

A daminar shekara ta uku zazzaɓi ya kama Obadiah. Kwana tara ya yi a kwance, Allah ya karɓi abinsa.

Kwana huɗu da binne shi, sai ga Oga Godfrey ya zo gaisuwa da farar shadda, yana ƙamshin turare. Ya zauna, aka kawo masa ruwa, ya ce Allah ya ji ƙan rai. Da ya tashi tafiya, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli. Ashe tun ranar ciniki ya riƙe na biyun.

Monica ta biyo shi da gudu, ɗankwali a hannu. "Oga, ina za ka kai motar?"

"Gida zan kai ta. Motata ce. Aro na ba mijinki ya nemi abinci, yanzu kuma ya tafi."

"Aro? Oga, ka ji tsoron Allah! Da adashina a cikin kuɗin motar nan!"

"Maman Felicity, kar ki yi min ihu a gaban mutane. In kina da takarda, kawo in gani."

Ya tada mota a gaban masu zaman makoki, a gaban marayu uku, ya wuce. Tabarmar da mutane suke zaune a kai ma sai da aka janye don ya samu hanya. Kai, wasu mutane dai, sai addu'a.

Monica ba ta yi boko mai nisa ba, amma ba ta zauna ba. Ta ɗauki fotokwafin nan ta tafi ofishin lasin. Ta bi layi tun safe har azahar kafin ta iso gaban wani ma'aikaci mai furfura da ake kira Malam Nababa. Ya saurare ta tsaf, ya juya takardun gaba da baya, ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba zan ruɗe ki ba. Ko'ina a nan sunansa ne, har rasit na bana. Ni na yarda da ke, amma takarda ba ta jin kuka. In ba shi ya zo ya sa hannu ba, ba abin da zan iya rubutawa."

Duk inda ta kai kukanta haka aka ce mata. Malam Saleh ya bi ta ya ba da shaida, Oga Godfrey ya fito da rasit na shekara uku ya shimfiɗa a tebur, magana ta mutu.

Felicity ta bar makaranta. Monica ta koma ɗaukar kayan mutane a kai a kasuwar Zuba, ita da a da take shiga kasuwar zaune a gaban motar mijinta.

Shi kuwa Oga Godfrey ba hawa yake so ya yi ba, yana da sabuwa. So yake ya sake sayar da ita, ya ci kuɗi sau biyu. Sai dai akwai abin da ya manta. A ƙasar nan ba mai sayen tsohuwar mota bai zo da bakanikensa ya duba masa ba. Kuma a Abujar wancan lokaci bakanikai ba su da yawa, kowa ya san kowa, kowa kuma ya san Malam Saleh.

Malam Saleh bai yi faɗa da kowa ba. Ya dai bi gareji-gareji, ya shiga wajen masu faci da masu batir da masu fenti, ya ba su labari kamar yadda ya faru a gabansa, ya kuma faɗa musu lambar motar.

Mai saye na farko wani ɗan kasuwa ne mai suna Bernard. Ya zo da bakanikensa har ƙofar gidan Oga Godfrey. Bakaniken ya kalli lambar, ko bonet bai buɗe ba.

Bernard ya ce, "Duba injin mana, me kake jira?"

"Oga, injin ba shi da matsala, na san shi. Amma motar marayu ce. In ka saya, ko iska kar ka zo mu sa maka a taya."

Oga Godfrey ya hau kumfar baki. "Kai wane ne? Ka san da wa kake magana? Dubi rigarka, duk baƙin mai!"

Bakaniken ya ce, "E, Oga. Amma nawa sabulu yana fitar da shi."

Bernard ya ja takalmansa ya tafi. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ya rage kuɗi, ba wanda ya taya. Motar ta zauna a ƙofar gida, damina ta wuce a kanta, tayoyi suka sace, ɓeraye suka yi gida a kujerun baya. Ya gwammace ta ruɓe a gabansa da ya ba marayu.

Ana nan, sai sabuwar motarsa ta tsaya masa a hanyar ofis, giya ta ƙi shiga. Aka jawo ta zuwa Apo. Garejin farko suka ce aiki ya yi musu yawa. Na biyu suka ce ba su da kayan aiki. Na uku kuwa ba su ɓoye ba, suka ce, "Oga, je ka ga Baba Saleh."

Mako uku motar tana yashe a Apo. Mutumin da yake kiran mutane ƙauyawa ya koma tsayuwa a bakin titi yana ɗaga wa kabu-kabu hannu. Direbobin kuwa abokan aikin Obadiah ne. Sai su rage gudu, su leƙa fuskarsa, su taka mai.

A ƙarshe dole ta sa ya je. Ya tarar da Malam Saleh a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Baba, nawa za ka gyara min? Faɗi ko nawa ne."

Daga ƙarƙashin motar Malam Saleh ya ce, "Ba na son kuɗinka, Oga. Biro nake so ka ɗauka. Ka zo da ainihin takardun Fijon nan ofishin lasin ranar Litinin. Ranar da ka sa hannu, ranar zan ɗora sifana a motarka."

Ranar Litinin ya zo. Ya so ya wuce layi ya shiga kai tsaye, Malam Nababa ya ce, "Ranka ya daɗe, matar nan ma a layi take." Haka ya tsaya a bayan Monica cikin rana, yana gumi yana tsaki.

Da layi ya iso kansu, ya ajiye takardun, ya zaro biro mai ruwan zinare ya sa hannu. Ko minti ɗaya bai cika ba. Monica ta biya harajin da guminta na kasuwa, aka rubuta sunanta, aka ba ta ranar da za ta zo karɓar lambar Abuja.

Kun san abin da mutumin nan ya yi bayan duk wannan? Ya juyo ya dube ta, ya ce, "To Maman Felicity, ko na gode ba za ki ce min ba?"

Monica ta naɗe takardarta ta sa cikin zani, sannan ta ce, "Oga, da ka yi wannan sa hannun tun ranar ciniki, da mai motar ne zai gode maka. Yanzu sai dai ka bi shi can ka karɓa."

Oga Godfrey ya juya ya fita.

Bakanikan Apo suka jawo Fijon, kowa ya sa hannunsa, wannan taya, wannan batir, wancan kujeru, har ta tashi. Monica ta ba wani amintaccen direba motar, Felicity ta koma makaranta. Amma shekara guda ta riga ta wuce ta, sa'o'inta sun shiga aji na gaba. Wannan shekarar ba mai biyan ta.

Ni uwa ce, 'ya'yana sun fara sayen abin hawa, wani a Kaduna wani a Jos, in na yi musu maganar takarda sai kowa ya ce min, "Mama, ai mun san mai ita." Wallahi maganar nan ita take hana ni sukuni. Obadiah ma ya san mai ita.

Darasi: Abin da ka saya da guminka, ka mayar da shi sunanka tun kana da rai. In ka sayi mota, ko ka ƙaura da ita wata jiha, ka karɓi sa hannu da ainihin takardu a ranar, ka je ka yi rajista ka biya harajinka da kanka, kar kunya ta sa ka bar wa iyalinka kuka. Kai kuma mai riƙe haƙƙin wani don takarda tana hannunka, ka sani mutane suna gani, Allah ma yana gani. Don Allah ku tura wa 'yan uwa da duk wanda kuka san yana yawo da mota a sunan wani, ko Allah zai sa ya gyara tun yau.