Ruwan Kalandar Inna

Akwai wani matashi da ake kira Sarkin Yawo. Sana'arsa ita ce zuwa wurare masu ban mamaki, ya ɗauki bidiyo ya ɗora a shafinsa, jama'a su yi ta yaba masa. Ya hau duwatsu, ya shiga kogo, ya ƙetare koguna a kwale-kwale. Ku yi mini haƙuri yau, ba zan iya ba da labarin nan da sanyin rai ba, don tun da aka ba ni shi zuciyata take tafasa.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana da wata tsohuwar kalanda a bangon ɗakinta, daidai saman gado. Kalandar ta girmi Sarkin Yawo. Hoton da ke jikinta na wata ƙatuwar magangarar ruwa ce, ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse, ga bakan gizo a gindinsa.

Marigayi mijinta direban babbar mota ne, shi ya kawo mata ita daga wata tafiya. Ya ce ya taɓa tsayawa a wurin, kuma in da rai sai ya kai ta ta gani da idonta. Rai ya yi halinsa kafin ya cika alkawari. An yi wa ɗakin fenti sau uku, kalanda tana nan. Ko jikoki sun san ba a taɓa ta.

Sai ciwon ido ya kama Inna. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuma da shi take gani kamar mai leƙe ta kafar makulli. Likita ya kira babbar 'yarta, wadda ke sana'ar ɗinki, ya gaya mata gaskiya: magani zai ja lokaci ne kawai, saura 'yan watanni idon ya rufe.

Daga asibiti 'yar ta zarce gidan ƙanenta Sarkin Yawo, ko zama ba ta yi ba.

"Kai Auta, ba ka jin kunya? Ka zaga duniya kana nuna wa baƙi ruwa da duwatsu, uwar da ta haife ka ko tashar mota ba ka taɓa kai ta ba. Abu ɗaya take so a duniya, kuma ka san shi."

"Haba Yaya, ai ina da niyya."

"Niyyarka ta sha ruwa! Idonta ba zai jira niyyarka ba."

Ya amince. Amma kada ku yi saurin sa masa albarka. Abin da ya hango shi ne tsohuwa a bidiyo tana jawo masu kallo. Tun a mota ya soma ɗaukar ta yana cewa, "Yau zan cika wa mahaifiyata burinta na shekara talatin!" Dubban mutane suka yi ta zuba masa addu'a.

Kwana biyu suka yi a hanya. Inna ta sa kayanta mafi kyau, ta riƙe maganin ɗigawa a jaka. Ta kuma naɗe kalandar nan ta taho da ita, wai don ta gwada ta ga ko mai hoton ya yi ƙari.

Tun daga wurin ajiye motoci suka fara jin rugugin ruwan, har ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Amma daga ƙofar shiga ba a hango komai, dutse da bishiyoyi sun kare. Akwai wata rumfa mai bencina, da wata mata mai ba da hayar rigunan ruwa, ta jera su a kan igiya. A nan suka tarar da mai yi wa baƙi jagora, wani dattijo da ake kira Baba Mai Usur, saboda usur ɗin da ke rataye a wuyansa kullum.

Baba ya gaishe da Inna da ladabi, sannan ya yi musu bayani. Hanya biyu ce. Ta sama matakala ce fiye da ɗari uku, ana kama igiya, tana kai mutum har bayan ruwan. Ta ƙasa kuwa ba hawa, sai dai santsi, kuma tana kaiwa wani dandamali da ke fuskantar ruwan sosai.

Inna ta warware kalandarta ta nuna masa. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ai daga kan dandamalin nan aka ɗauki wannan hoton."

Dokar wurin ita ce, tsoho ba ya bin hanyar ƙasa sai mutum biyu sun riƙe shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Baba ya dubi Sarkin Yawo ya ce, "Ni in kama nan, kai ka kama can. A tafiyarta, rabin awa mun isa. Amma mu tafi yanzu. Ka ga hadarin can a kan duwatsu? In ya zuba a can, kogin zai cika. Da na ga ruwa ya yi ja zan busa usur a rufe ƙofa, kuma a irin wannan lokacin sai a yi sati ba a buɗe ba."

Sarkin Yawo ya ɗaga kai ya dubi sama, ya taɓe baki.

"Baba, ni za ka koya wa ruwa? Ƙasa sha ɗaya na je. Hasken safiya nake so a can sama, in rana ta take hoton ba ya kyau. In na sauko sai mu kai ta."

"Ɗana, ruwan sama ba ya jiran hoto."

"Ka ji da usur ɗinka, malam. Inna, zauna nan, minti talatin kawai."

Ya aje mata gorar ruwa a kan benci, ya ɗauki sandar wayarsa ya haye. Ƙarfe goma na safe ke nan.

Ku zo ku ga abin takaici a can sama. Mutumin nan ya juya wa ruwa baya, ya ɗaga waya, ya yi ta ihu: "Jama'a, kun ga inda na zo!" Bai yi masa ba, ya sake. Iska ta kaɗa masa hula, ya sake. Ya canza riga har sau uku. Ya shiga bayan ruwan, ya fito, ya tarar da wasu baƙi sun gane shi, aka shiga ɗaukar hoto ana dariya.

Inna tana kan benci, kalanda a cinya. Duk wanda ya sauko jiƙe sharkaf yana cewa "Kai, ikon Allah!", sai ta juya idonta mai gani ta duba ko Autanta ne.

Da rana ta take, mai rigunan ruwa ta kasa daurewa. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Mama, bari in bar rumfar nan, ni da Baba mu riƙe ki. Hadarin nan matsowa yake."

Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma ya ce in jira shi. Babansa ne ya yi mini alkawarin wurin nan. Tunda babu shi, ina so in gani ina riƙe da hannun ɗansa."

Baba Mai Usur, da tsufansa, ya hau matakala har rabi, ya yi ta ɗaga masa hannu yana nuna sama. Sarkin Yawo ya gan shi sarai. Ya ɗaga masa yatsu biyar, wai minti biyar, ya ci gaba da surutu da wayarsa.

Wajen ƙarfe biyu iska ta juya. Ruwan da yake fari ya koma ja, yana tafe da rassan itace. Usur ya tashi. Kowa ya sauko a guje, aka ja ƙofa aka sa kwaɗo.

Sai a lokacin gogan naku ya tuna yana da uwa. Ya kama ƙofa yana jijjigawa.

"Buɗe mana! Minti goma kawai! Ka san ko ni wane ne?"

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na sani mana. Kai ne wanda ya bar uwarsa a kan benci awa huɗu. Dandamalin yana cikin ruwa yanzu. Ba zan buɗe ka kashe ta ba."

Kwana biyu suka ƙara a masauki, ruwa yana ta zuba, ƙofa a rufe. A rana ta uku ya ce yana da wata tafiyar da ba ta ɗaguwa, za su dawo in damina ta wuce. Inna ta naɗe kalandarta ta mayar jaka. Ta ce, "Babu komai, Auta. Ai na ji ƙararsa."

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Tafiyar kwana biyu, tsohuwa mai ido ɗaya ta koma gida da ji kawai, alhali tsakaninta da abin da ta zo gani tafiyar rabin awa ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da suka dawo ya haɗa bidiyon mota da na kan dutse ya ɗora, ya rubuta, "Na kai mahaifiyata." Mutane suna ta cewa Allah ya ba su ɗa irinsa. Ni dai na ce Allah ya kiyaye.

Bayan sati goma, wata safiya Inna ta kira 'yarta ta ce, "Yau me ya sa ba ku ɗaga labule ba?" Labule a ɗage yake, rana ta cika ɗakin.

Yaya ta kira Auta a waya, ya zo a rikice. Ya durƙusa gaban gado yana kuka, yana cewa gobe-goben nan zai mayar da ita, ko goya ta ne zai yi har dandamalin.

Inna ta laluba ta dafa kansa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Da wane idon, Auta? Bar wannan. Zauna nan kusa da ni. Tunda kai ka gani, ka ba ni labari. Bakan gizon nan na kalanda, da gaske akwai shi? Babanka ya ce akwai wasu ƙananan tsuntsaye da ke ratsa ruwan su shige bayan dutse. Ka gan su?"

Ya zaro waya, ya shiga duba abin da ya ɗauka. Bidiyo arba'in da bakwai. Kowanne fuskarsa ce ta cika shi, ga haƙora, ga baƙin tabarau, sai ɗan farin abu ta saman kafaɗarsa.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, idonta ya yi ja. Ta ce, "Faɗa mata mana, Sarkin Yawo. Ba awa huɗu ka yi a can ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ban duba ba."

Inna ta miƙa hannu ta laluba bango, ta cire kalandar daga jikin ƙusa, ta miƙa masa.

"Ungo, tafi da ita. Ni na haddace ta tuntuni. Kai ne ba ka taɓa ganin wurin ba."

Darasi: "Minti talatin kawai" da muke gaya wa iyayenmu, wani lokacin shi ne duk abin da ya rage musu. Dutse da ruwa suna nan ko bayan shekara ɗari, amma idon uwa da ƙafarta ba sa jiran ka gama abin da kake yi. In za ka kyautata mata, aje wayar ka kama hannunta, yabon masu kallo ba ya wanke haƙƙi. Ku tura wa duk wanda ya ce wa mahaifiyarsa ko mahaifinsa "ina zuwa", ko Allah zai sa ya tashi yau tun ba a rufe ƙofa ba.