Matakala ta tara

Akwai wata malamar asibiti da 'yan gidansu ke kira Agogo, don ko gaisuwa za ta yi sai ta duba lokaci. Ƙanwarta Auta tela ce, kuma idan aka aike ta bakin titi, sai ta gaisa da kowa kafin ta dawo.

Mahaifinsu ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta wani gari na bakin teku tun kafin a haife su. Yanzu ya tsufa, idonsa ya tafi, mahaifiyarsu kuma ta rasu. Da ya ji za su je hutu wannan garin, roƙo ɗaya ya yi: "Ku zo min da garin nan. Ni ba zan sake taka shi ba."

Agogo ta ɗauki maganar da gaske. Ta rubuta wurare goma sha huɗu, ta raba su kwana uku, ta kama musu kujera a motar masu yawon buɗe ido.

A rana ta biyu, suna hawowa daga tashar, igiyar takalmin Auta ta tsinke a matakala. Direba na ta danna oda.

"Yaya, ki je kawai, ga mai gyara nan."

Sai la'asar suka haɗu a masauki. "Wuri biyar kika rasa saboda igiyar takalmi," in ji Agogo. "Me za ki kai wa Baba?"

Da suka dawo gida, Agogo ta ja kujera kusa da shi, ta buɗe waya. Hoto ɗari huɗu ta ɗauko, da niyyar ta bayyana masa su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, wannan tashar ce. Babba ce, da jirage da yawa."

"Har yanzu ana busa jiniyar ƙarfe sha biyu?"

Ta ƙura wa hoton ido. Minti goma kawai ta yi a wurin.

"Ana busawa, Baba," in ji Auta daga kan tabarma, "amma ta dishe kamar tsohon zakara. Ina zaune gun mai gyaran takalmi aka busa. Ya ce matakala sittin da uku ce, ta tara daga ƙasa ta ɓare a gefe. Shekara ashirin yana zaune kusa da ita, wai ita ke kawo masa aiki."

Tsohon ya fara dariya har hawaye suka zubo.

"Har yau ba a gyara ta ba? A nan mahaifiyarku ta yi tuntuɓe da kwando a kai, ranar da na fara ganinta. Na yi wuf na tare kwandon, na bar ta ta faɗi. Shekara talatin tana yi min gori."

Babu wanda ya taɓa ba su wannan labarin. Agogo ta lalubo hoton matakalar. Ga ita Agogon tsaye a sama tana murmushi, ta tara ma ba ta fito ba. Sau biyu ta tsallake ta, sauka da hawa, ba ta lura ba.

Ta kifa wayar, ta sauko kan tabarma kusa da ƙafarsa.

"Baba, da ta faɗi, sai me ya faru?"

"Yaya, ba ki duba lokaci ba," in ji Auta.

"Rufa min baki, ke. Ci gaba, Baba."

Darasi: Mai yawon buɗe ido yana wucewa ta cikin gari ya dawo da hotuna. Matafiyi yana zama da mutanen garin, ya saurara, ya dawo da abin da ko marar ido zai iya gani. Idan kun je wuri, ku rage sauri. Ku tura wa ɗan'uwan da ke haɗa jakar tafiya.