Yadda Edward Kafinta Ya Zaɓi Kano Sau Biyu

Akwai wani matashi mai suna Edward, ɗan Wusasa ta Zariya, kafinta ne. A wajajen shekarar 1954 yana zaune a Bukuru kusa da Jos, yana yi wa wani kamfanin haƙar kuza aikin katako. Bai daɗe da aure ba. Matarsa Sarah mace ce mai fara'a da son mutane, sai dai tun tana ƙarama take fama da ciwon ƙirji.

Sanyin Bukuru bai karɓe ta ba. Da zarar la'asar ta yi, sai numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa usur. Wata rana ta faɗi a bakin murhu, Edward ya ɗauke ta a baya sai asibiti.

Bayan an duba ta, malamin asibitin ya ja shi gefe ya ce, "Ba tarin tibi ba ne, asma ce, kuma ba a ɗaukarta. Amma muddin tana cikin wannan sanyi, maganin da zan ba ta aikin banza ne. Ka nemi gari mai ɗumi ka kai ta."

Edward ya shiga neman shawara wajen abokan aikinsa. Wani ya ce Ikko, can kuɗi suke. Wani da ya taɓa zama a can ya yi dariya ya ce hayar ɗaki kaɗai za ta cinye albashin. Aka ce Kaduna, amma aikin Kaduna sai wanda ya san wani. Wani tsoho mai gadi ya ce, "Yaro, tafi Kano. Sanyin Kano baƙo ne, ya zo ya wuce. Hatsi da araha, ga motocin gyaɗa, kowace mota kuwa sai kafinta ya yi mata bodi."

Abin da ya ƙara kwantar masa da hankali shi ne ɗan baffansa George yana Kano, akawu ne a wani kamfanin Turawa. Duk Kirsimeti idan George ya zo Wusasa da kwat da laktaye, sai ya dafa kafaɗar Edward ya ce, "Ran da ka gaji da ƙauye, ka zo Sabon Gari. Gidana gidanka ne."

Da bazara ta shigo, Edward ya ɗaure zarto da guduma da sauran kayan aikinsa a buhu, Sarah ta ɗaure tukwanenta, suka hau jirgin ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi suka sauka a tashar Kano. Da tambaya suka kai gidan George. Suka tarar da shi a baranda tare da abokansa akawuna, an kunna garmaho ana ta raha. Ya dube su, ya dubi buhun da ke kan Edward, fuskarsa ta canja.

"Yaya George, mun iso," in ji Edward cikin murna.

Kafin George ya amsa, wahalar hanya ta taso wa Sarah da tari. Ta dafa bango tana neman numfashi. Abokan George suka ja kujerunsu baya.

George ya ja Edward bayan gida ya ce, "Haba Edward! Mai tarin tibi za ka kawo mini? Ka san irin mutanen da nake hulɗa da su?"

"Asma ce Yaya, likita ya ce ba a ɗauka. Ko a baranda ne mu kwana, kafin in sami ɗaki."

"Ba wuri. Ku nemi masauki, in na sami sarari zan leƙo ku."

Edward ya ɗauki buhunsa, ya riƙe hannun matarsa, suka fito. Suka yi ta tafiya ba tare da sanin inda za su ba, har ƙafar Sarah ta gaza a gefen kasuwar Sabon Gari. Ya zaunar da ita a inuwar wata bishiyar ɗurumi, yana yi mata fifita da hularsa. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, don shi ya rabo ta da gida a kan alkawarin wani.

Kusa da su akwai wata dattijuwa mai sayar da manja, ana ce mata Iya Falilat. Bayarabiya ce Musulma, amma tun tana amarya take zaune a Fagge, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta taso da ruwa a kwano.

"Ɗana, me ya sami yarinyar nan?"

Edward ya gaya mata komai, bai ɓoye ba. Ta sa kunne ta saurari ƙirjin Sarah, ta girgiza kai.

"Irin ciwon marigayi maigidana ne. Na yi jinyarsa shekara da shekaru, ga ni ban ɗauka ba. Ina da ɗaki a Fagge, na ɗana Tajudeen ne, ya tafi Kumasi fataucin goro. Ƙofar ta karye, rufin yana yoyo. Ka ce kai kafinta ne? To gyara shi ne hayarka ta farko."

Edward ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, gara in faɗa miki tun yanzu. Mu Kirista ne."

Ta ce, "Na tambaye ka? Ɗauko mini garwar manjan nan mu tafi, rana tana yi."

Haka suka zama 'yan Fagge. Da farko maƙwabta sun yi ta ƙus-ƙus, har wata ta tari Iya ta ce ina ita ina ajiye waɗanda ba ta san asalinsu ba. Iya ta ce, "Ni ma ran da na zo garin nan wa ya san asalina?"

Edward ya gyara ɗakin, ya gyara ƙofar zaure, ya yi wa Iya benci a kasuwa. Wani ɗan Barno mai motocin ɗaukar gyaɗa, Alhaji Goni, ya ga bencin ya tambayi wanda ya yi. Ya gwada Edward da gyaran bodin wata tsohuwar mota, aikin ya yi kyau, daga nan ya riƙa ba shi ƙananan ayyuka.

Ita kuwa Sarah, ɗumin Kano ya karɓe ta. Tarin ya ragu, ta yi ƙiba, har ta fara bin Iya kasuwa. Ranar Lahadi su yi ado su tafi coci a Sabon Gari, su dawo su tarar Iya ta ajiye musu amala da miyar kuɓewa. Da azumi kuma Sarah ce ke dama wa Iya kunun tsamiya ta soya ƙosai kafin a sha ruwa. George dai bai taɓa leƙo su ba. In sun haɗu a coci, sai ya ɗaga hannu daga nesa.

Bayan kamar shekara biyu, da damina, Iya ta zame a taɓon kasuwa ɗauke da garwa, ta karye a ƙugu. Aka kawo ta gida a amalanke. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya ce sai an yi haƙuri, ƙashin tsoho ba ya saurin kamawa. Ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta. Aka ba fatake sallahu zuwa ga Tajudeen, amma shiru. Sarah, ga ta da ciki, ita ce wanka, ita ce wanki, Edward kuma shi ke ɗaga Iya ya kwantar.

Ana cikin haka sai ga George a Fagge, ya jingine sabon kekensa a ƙofar gida. Ashe Baturen kamfaninsu ya ga bodin motar Alhaji Goni ya yaba, ya ce yana son kafintan a sabon reshensu na Ikko. George ya ce ai ƙaninsa ne, shi zai kawo shi.

"Ni ma can aka mayar da ni," in ji George. "Kai ne za ka zama shugaban kafintoci. Ga albashi, ga ɗaki na kamfani. Can ma ba sanyi, matarka ba za ta wahala ba. Ƙarshen watan nan za mu tafi."

Maganar ta shiga Edward ƙwarai. Da damina aiki yakan ja baya, ga haihuwa tana tafe, ga shi har yanzu a gindin bishiya yake aikinsa, ba shi da rumfa. Ya yini yana jan zarto, zuciyarsa tana Ikko.

Iya ta ji labari, ta kira shi ta ce, "Ɗana, ka tafi. Arziki ba ya sallama sau biyu. Ni tsohuwa ce, maƙwabta za su duba ni."

Ya fito tsakar gida ya sami Sarah tana shanya zannuwan Iya. Ya ce, "Ke me kika gani?"

Ta ce, "Maigida, duk inda ka sa ƙafa nan zan sa tawa. Abu ɗaya nake tambaya. In mun tafi, wa zai juya ta?"

Edward ya san maƙwabta za su kawo tuwo, za su zo gaisuwa, amma kowa da hidimar gidansa. Ya leƙa ɗakin, ya ga Iya tana ƙoƙarin miƙa hannu ga kwanon ruwa, hannun bai kai ba. Ya shiga ya ɗaga kanta ya ba ta ta sha.

Washegari ya je ofishin George ya ce, "Yaya, ka yi wa Bature godiya. Ba zan je ba."

George ya buɗe baki. "Saboda tsohuwar da ba dangin iya ba na baba? Kai dai ba za ka taɓa ci gaba ba!"

Edward ya ce, "Ran da na rasa inda zan ajiye matata, ita ba ta tambayi danginmu ba. Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

George ya tafi Ikko shi kaɗai, Edward kuwa ya sha wuya a wannan damina. Akwai ranakun da ba su ɗora tukunya ba sai da yamma. Sarah ta riƙa zama a kan manjan Iya a kasuwa don kada masu saye su watse. Wani lokaci Edward yakan tuna Ikko ya yi ajiyar zuciya, amma bai taɓa bari Iya ta gani a fuskarsa ba. Da ƙashin ya fara kamawa, ya sassaƙa mata sandunan dogarawa, ya naɗe kansu da tsumma. Kullum da safe ya riƙe ta, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofar gida.

Da kaka ta yi, Alhaji Goni ya aiko a kira shi. Ya ce, "Na ji Bature ya neme ka ka ƙi, na kuma ji dalili. Wanda bai gudu ya bar tsohuwa ba, ba zai gudu ya bar mini aiki ba. Na sayi sababbin motoci, duk kai za ka yi musu bodi."

Ba a daɗe ba sai ga Tajudeen. Sallahun bai same shi da wuri ba, ya taho yana zaton kabari zai tarar. Ya shigo ya ga uwarsa zaune a kan tabarma, tana riƙe da jaririyar da Sarah ta haifa, tana yi mata waƙa da Yarbanci. Ya durƙusa ya fashe da kuka. Da ya ji duk abin da ya faru, ya kama hannun Edward ya kai shi filin da ke jikin gidan, wanda mahaifinsa ya bari.

"Ɗan'uwa, kafa rumfarka a nan. Muddin ina raye ba mai tashinka."

Ranar da Iya ta koma kasuwa, tana dogara sanda, Sarah na biye da ita da goyo, matan layin manja suka taso suna guɗa. Wata baƙuwa da ba ta san su ba ta nuna Sarah ta ce, "Iya, wannan 'yar hayarki ce?"

Iya ta harare ta, ta ce, "Haya? 'Yata ce. Kawo mata kujera, jego take."

Darasi: In za ka zaɓi garin zama, ka duba yanayinsa da araharsa, amma ka fi duba mutanensa, domin ɗan'uwa na iya rufe maka ƙofa bare ya buɗe. Kuma in Allah ya ɗaga ka, kada ka juya wa wanda ya tallafe ka baya don abin duniya, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman matasan da ke shirin barin gida neman na kansu.