Bindigar Bahago

Ƙawata Rifkatu, kin ce in ba ki misalin da za ki koya wa yara ranar Lahadi. Kin san hannuna ba ya sauri a rubutu, amma ga wanda ya daɗe a zuciyata. Ki karanta musu a hankali, kada ki yi gudu.

Akwai wani mutum maƙeri a wani ƙauye na bakin daji. Fartanya da lauje da gatari duk yana ƙerawa, amma abin da ya kai sunansa nesa shi ne bindigar toka, doguwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Yana da ɗa guda ɗaya, sunansa Ranau. Ranau kuwa bahago ne. Tun yana ƙarami kakarsa ta sha ɗaure masa hannun hagu da tsumma in za a ci tuwo, har ya koyi ci da dama, da gaisuwa da dama, da karɓar abu da dama. Amma da zarar aiki ya yi zafi, sai hagun ta fito da kanta. Duk garin Bahago suke ce masa. Ubansa kaɗai ke kiransa da sunansa, shi kuwa uban ba mai magana ba ne. Yakan yini a maƙera, in ba gaisuwa ba, ba ka jin muryarsa.

Da Ranau ya zama saurayi, ba abin da yake so kamar a ce da shi maharbi. Wata shekara aladen daji suka addabi gonakin rogo, Sarkin Baka, wato shugaban maharba, ya sa ranar farauta. Ranau ya sauko da ɗaya daga cikin bindigogin ubansa, ya bi su.

To, ita bindigar toka, ɗan kaskon da ake zuba wa albarushin kunnawa, da ƙanƙarar da ke ƙyasta shi, a gefen dama ake sa su. Mai harbi yakan kwantar da kumatunsa a ɗaya gefen, wuta ta tashi nesa da fuskarsa. Sa'ad da wani ƙaton alade ya ɓullo daga cikin ciyawa, Ranau bai tsaya tunani ba. Ya ɗora bindiga a kafaɗar hagu, ya ja kunama. Wuta ta tashi ta lashe masa rabin fuska, harsashi ya shige kututturen kanya, alade ya bi ta tsakanin maharba ya wuce abinsa.

Maharba suka bushe da dariya. Sarkin Baka ya ce, “Kai Bahago, alade ka zo harbi, ko girarka ka zo babbakewa?”

Ranau ya komo gida yana dafe da kumatu. Ubansa ya dubi ƙunar, ya shafa mata man kaɗanya. Sa'an nan ya karɓi bindigar, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ce, “Wannan ba taka ba ce.” Ya rataye ta, ya ɗauki gatari, ya kora jakinsa ya nufi daji.

Washegari ya dawo da gungumen maɗaci a bayan jaki, ya tarar da ɗakin Ranau ba kowa. An naɗe tabarma an tafi da ita. Sai wata tsohuwar taguwa a rataye, da fartanya a jingine bayan ƙofa.

Maƙeri ya tambayi fatake, ya tambayi masu fito a bakin kogi. Wani ya ce ya ga mai tabo a fuska ya yi kudu, wani ya ce a'a, yamma ya yi. Da tambaya ta ƙare, sai ya koma maƙera. Ya ajiye gungumen a inuwa domin ya bushe a hankali, gama itacen da rana ta busar da gaggawa tsagewa yake yi. Damina ta wuce a kansa, wata ma ta wuce. Cikin wannan jira ya ƙera bututun wata sabuwar bindiga. Ya naɗe faffaɗan ƙarfe a jikin sanda, yana zuga wuta, yana duka, yana haɗe bakin kaɗan kaɗan, har ya zama kamar ba a taɓa haɗawa ba.

Da aka zo sassaƙar ƙota, sai ya tsaya. A al'adarsa mai bindiga ne ke zuwa ya tsaya a gabansa, ya auna shi da tsinken kaba daga kafaɗa zuwa ɗan yatsa. Yanzu kuwa ba wanda zai auna. Ya shiga ɗakin yaron, ya sauko da taguwar, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ɗauki faɗin kafaɗa da tsawon hannu. Ya ɗauko fartanyar. Ƙotarta ta yi sulɓi inda yatsun Ranau suka saba kwanciya, kowane yatsa da gurbinsa. Maƙeri ya sa nasa hannun a gurbin.

Da wannan awo ya kama aiki. Ya fafe maɗacin da gizago, ya tona kwarin da bututu zai kwanta a ciki. Yakan shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, ya danna shi cikin itacen, ya ɗaga. Duk inda baƙi ya fito, nan ne suke gogayya, sai ya kankare wurin da bakin wuƙa, ya sake dannawa. Haka yake yi har ƙarfe da itace suka rungumi juna, ko zare ba ya shiga tsakaninsu. Kaskon albarushi da ƙanƙara kuwa, a gefen hagu ya dasa su, abin da bai taɓa yi ba tun da ya koyi ƙira. Hannunsa ya saba da dama, saboda haka yakan tsaya ya ɗora ƙotar a tasa kafaɗar hagu, ya runtse ido ɗaya, ya ji inda take tokarinsa, ya sauke ya rage.

Daga ƙarshe ya yi mata ado. A gefen da ke kallon waje ya zana zangarniyar dawa, da sawun barewa suna bin juna har zuwa wuyan ƙota. Amma gefen da kumatu zai kwanta bai sa masa zane ko ɗaya ba, gama ya tuna wane kumatu ne wuta ta ci. Ya goge wurin da ganye mai kaushi, ya bi shi da man kaɗanya, har ya yi laushi kamar tafin jariri. Ya ɗaure bindigar a jikin itace, ya ja kunama da doguwar igiya daga nesa, kamar yadda ake gwada sabuwa. Ƙararta ta tashi tsuntsayen garin duka.

Ya rataye ta a bakin maƙera, inda yake ganinta yake kuma ganin hanya. Kowace ranar kasuwa yakan sauko da ita ya shafa mata mai. In ya hangi wani tafe daga nesa, sai guduma ta tsaya a hannunsa har mutumin ya matso. Da ya ga ba shi ba ne, sai ya ci gaba da duka. Shekaru suka tafi a haka, furfura ta rufe shi, idonsa ya fara hazo.

Sai aka yi wata shekara ta fari. Rumbun maƙeri ya kusa kaiwa ƙasa, ga ba mai kawo aiki. Ran nan Sarkin Baka ya zo da maharbansa, ya tsaya yana kallon bindigar.

Ya ce, “Tsoho, wannan amarya har yaushe za ta zauna a rataye? Miƙo in ji nauyinta.”

Maƙeri ya ce, “Za ta ci gemunka.”

“Ni? Tun kana koyon zuga-zugi nake harbi.”

Ya ɗura ta, ya ɗora a kafaɗar dama, ya auna wani gawo, ya ja. Harsashi ya tafi daidai, amma wuta ta tashi ta gefen fuskarsa, rabin gemu ya tafi da hayaƙi. Maharba suka faɗi ƙasa don dariya. Wani ya ce, “Ranka ya daɗe, wanzami ya huta!”

Sarkin Baka yana kakkaɓe gemu ya ce, “Tsoho, a juye ka ƙera ta! Amma kai, ban taɓa riƙe mai daidai irinta ba. Ji nan. Ka mai da kaskon dama, ka sassaƙe ƙotar ta zauna mini. In ba ka sa, in cika maka rumbu.”

Maƙeri ya karɓi bindigarsa.

Sarkin Baka ya rage murya, gama ba mugun mutum ba ne. Ya ce, “Yaron nan ba zai dawo ba. Wa ma ya san ko yana da rai? Kai kuwa ga yunwa a ƙofarka.”

Maƙeri ya ɗauki wuƙar sassaƙa, ya ɗora bindigar a cinyarsa. Ya dubi rumbu, ya dubi hanya. Ya kai bakin wuƙa kusa da wurin nan mai laushi. Sai ya ajiye wuƙar.

Ya ce, “In na sassaƙe ta, in ya zo me zan miƙa masa?”

“In bai zo ba fa?”

“Sai ta jira.”

A shekarar nan da kunun dusa da tafasa maƙeri ya ga kaka. Maharba kuwa suka ɗauki labarin gemun Sarkin Baka suka kai kasuwa. Daga wannan kasuwa ya tafi waccan, fatake suka ƙara masa gishiri, har ya zama abin ba da dariya a garuruwan da ba su san ƙauyen ba: wai akwai wani tsohon maƙeri da ya ruɗe, ya ƙera bindiga bahaguwa, aka ba shi sa ya ƙi.

Wata rana da la'asar maƙeri yana zaune a bakin maƙera, sai wani ramammen mutum ya tsaya a gabansa. Idon tsoho bai iya rabe fuskar ba.

Mutumin ya durƙusa ya ce, “Gafara dai, Baba.”

Maƙeri ya ce, “Ranau.”

Can Ranau ya ce, “A wata kasuwa nake dako, can ƙetaren kogi. Wani falke yana ba da labarin maƙerin da ya ruɗe, kowa yana dariya. Ni na ajiye buhun da ke kaina, na tambaye shi sunan garin.”

Tsoho ya tashi, ya laluba ya sauko da bindigar, ya miƙa masa. Ranau ya karɓa da hannun dama, kamar yadda aka hore shi a gaban manya, ya ɗora a kafaɗar dama. Ta tokare shi, ta ƙi zama. Uban ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗarsa ta hagu. Ranau ya dubi hanya ko wani na kallo, sa'an nan ya juya ta. Ƙota ta shige kafaɗarsa, yatsunsa suka faɗa gurbinsu, tabon fuskarsa ya kwanta a kan laushin itace. Ya daɗe bai ɗaga kai ba.

Da ya ɗago ya ce, “Baba, cewa ka yi ba tawa ba ce.”

“Waccan nake nufi.”

“To, me ya hana ka ce za ka ƙera mini wata?”

Tsoho ya ce, “A gabanka na ɗauki gatari. Na zaci ka gani.” Ya share idonsa da bakin riga, ya ce, “Ka ci abinci?”

Ga ma'anar wannan misali, yara. Maƙerin nan yana nuna mana Ubanmu na sama, Ranau kuwa ni ne, ku ne. Sau da yawa mukan miƙa hannu ga wani abu, Ubangiji ya karɓe shi ya ce ba namu ba ne. Mu kuwa sai mu ji kamar cewa ya yi ba mu isa ba, mu naɗe tabarma mu tafi, alhali shi ya riga ya ɗauki gatari dominmu. Wanda ya yi mu ya san awonmu. Abin da mutane suka ɗaure mana da tsumma, abin da muke ɓoyewa don kunya, bai ɓoyu gare shi ba, har inda wuta ta taɓa ƙona mu ya sani, ya kuma bar wa wurin laushi. Gurbin da ya shirya maka ba ya zama wa wani, ba kuwa zai sassaƙe shi ya ba wani don ka daɗe ba. Duniya takan mai da haƙurinsa abin dariya, takan ce wauta ce a jira wanda ya tafi. Amma ko a bakin masu ba'a ka ji labarinsa, in zuciyarka ta motsa, ajiye buhun, ka tambayi hanyar gida. Ku kuma da naku ya tafi, kada ku ba da wurinsa.

Iyakar misalin ke nan, Rifkatu. In yara sun tambaye ki wa ya ba ki, ki ce wata uwa ce. In kin durƙusa yin addu'a kuma, ki ambaci ɗana Bulus da ya bar gida, gama har yau in na auna garin tuwo da rabonsa nake aunawa, babansa bai sani ba. Wannan tsakanina da ke ne. Don Allah kada ki gaya wa kowa.